Yadda ake zaɓen sandar betkasta guda ɗaya da za ta yi maka kusan komai a kamun kifin bas

Satin da ya wuce ƙanen matata da ya zo karatu nan Hiyuston ya kira ni ta bidiyo daga cikin wani shagon kayan kamun kifi, ya juya kyamarar wayar yana nuna mun sanduna a jere kamar rake a bakin kasuwa, ya ce Yaya wai wacce zan ɗauka ne, ni duk iri ɗaya nake ganinsu amma wata dala 40 wata dala 400. Na ce mishi ajiye musu kayansu ka dawo gida tukunna. Don ni ma haka na taɓa tsayawa a gaban sandunan nan, na duba na duba na ɗauki wacce ta fi kowacce tsayi da kauri, a lissafina ai babbar sanda ita ce ta babban kifi, wallahi wata biyu na yi ina zaune a bakin ruwa ina warware zare mutane a gefena suna ta ciro kifi. Toh abun da na zaunar da shi na faɗa mishi a daren nan shi ne zan rubuta, ko wani ma zai huta da asarar kuɗi.

Kafin wani ya tambaya, bas ɗin nan ba bas ta haya ba ce, kifi ne na ruwan tafki da kogi a Amurka, kore-kore mai baƙin layi a gefe da ƙaton baki, halinsa kusan irin na giwan ruwa, ya laɓe a cikin ciyawa ko gindin itacen da ya nutse ya jira abun da zai wuce ya zuƙe. Bai kai giwan ruwa girma ba ko kusa. Wanda aka amince a hukumance ya fi kowanne girma George Perry ne ya kama shi a Jojiya a 1932, laba 22 da oza 4, kilo 10 da ɗan ɗoriya kenan, sai a 2009 Manabu Kurita ya kamo shi da wani a tafkin Biwa na Japan. Mu da muke yawo bakin tafkin Conroe da ƴan kududdufan unguwa, kifin kilo 1 zuwa 2 shi ne abincinmu na yau da kullum, ka riƙe wannan a ranka don da shi za mu auna sanda, ba da kifin da ka gani a YouTube ba.

Farko ka tabbatar sandar ta betkasta ce

Ril, wato ɗan injin nan da yake naɗe zare, iri biyu ne aka fi gani. Akwai sifinin da yake lilo a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye yake zare ne kawai yake zamewa daga bakinsa. Akwai kuma betkasta da yake zama a saman sanda, shi kwarkwaron ne da kansa yake juyawa idan ka yi jifa, babban yatsanka ne birki. Tsohon abu ne, wani mai gyaran agogo a Kentaki George Snyder tun farkon shekarun 1800 yake ƙera irinsa. Kowanne da sandarsa kuma ba a musanyawa. Ka juya sandar ka duba ƙasan inda ril yake zama, in ka ga wani ɗan ƙaho ya fito kamar kunamar bindiga to ta betkasta ce, nan yatsanka zai maƙale kar sandar ta kufce maka wajen jifa. Zobbanta da zare yake bi ta ciki kuma ƙanana ne sun kwanta kusa da jikin sanda suna kallon sama. In ka ga zoben farko ƙato kamar awarwaron yarinya kuma babu kunama, ta sifinin ce, mayar. Wannan minti ɗaya ne amma na ga wanda ya kai har gida kafin ya gane.

Sai ka tambayi kanka me zaka ɗaura a bakin zaren

Nan ne mutane suke tsallakewa kuma nan ne komai yake. Mu a gida mun saba da fatsa, a samo gora a ɗaura zare a soka tana a jefa a zauna a jira. Masu bas yawancinsu ƙoton ƙarya suke amfani da shi, na roba da ƙarfe da katako, kuma ba zama ake ba, jifa ne da janyowa tun asuba har rana ta yi zafi. Ƙoton nan ya fi a ƙirga amma in ka lura duk kashi biyu ne. Kashi na farko masu ƙugiya ɗaya mai kauri: tanar roba da ake yi wa ɗaurin Teksas, wato a sa ƴar dalma mai siffar harsashi a gaba a ɓoye tsinin ƙugiyar a cikin jikin robar don kar ta kama ciyawa, sai jig mai kan dalma da siket na roba, sai sifinabet mai faranti yana walwali a ruwa. Kashi na biyu masu ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku-uku suna reto a ciki da wutsiya, irin kirankbet mai siffar ɗan kifi da leɓe a gaba, da masu tafiya a saman ruwa.

Ƙugiya ɗaya mai kauri sai ka fizga da ƙarfi kafin ta huda robar ta huda bakin kifi, don haka tana son sanda mai tauri da ba za ta shanye fizgar ba. Masu baki uku kuwa sirara ne, da kansu suke kamawa, amma kamun sama-sama suke yi, in sanda ta yi tauri da yawa kifi ya yi tsalle ya girgiza kai sai ka ga ƙoto ya dawo maka shi kaɗai. Kaga buƙatun nan biyu sun saba wa juna, shi ya sa ƴan gasa zaka ga sanduna goma sha a shimfiɗe a kan jirginsu kowacce da aikinta. Kai da kake son guda ɗaya dole ka zaɓi ɓangare, kuma shawarata ka karkata wajen ƙugiya ɗaya. Sanda mai ɗan tauri za ta iya lallaɓa kirankbet in ka sassauta hannu, amma sanda mai laushi ba yanda za ta yi ta cusa ƙugiyar jig a bakin kifin da yake nesa da kai a cikin ciyawa.

Tsayi

Ƙafa 7, wajen mita 2 da santimita 13. In ka samu 6 da inci 10 ko 7 da inci 1 zuwa 3 duk gida ɗaya ne, kar ka wahalar da kanka. Doguwa ta fi kai jifa nesa kuma idan ka ɗaga ta tana kwashe zare da yawa lokaci guda, gajeriya ta fi saiti da sauƙin juyawa. Abun da zai sa ka sauka zuwa 6 da inci 6 shi ne in inda kake zuwa rassan itace sun rufe bakin ruwa, ko kana cikin ɗan ƙaramin kwale-kwale, ko kai ɗin ba dogo ba ne kuma kana son ƙoton da ake kaɗawa da kan sanda yana kallon ƙasa, don doguwa za ta dinga dukan ruwa. Tawa ta farko ƙafa 7 da inci 6 ce, irin wadda ake tumɓuko kifi da ita daga cikin kainuwa, sanda ce mai kyau amma ba ta mai koyo ba.

Yanzu karanta rubutun da ke jikinta

Sama da mariƙi kaɗan akwai ƴan rubutu ƙanana, mutane ba sa karantawa sai su tsaya suna kaɗa sanda a iska kamar mai korar awaki, wannan kaɗawar ba ta gaya maka komai. Abu huɗu ne a rubuce: tsayi, ƙarfi, yanayin lanƙwasa, sai nauyin ƙoto da na zare.

Ƙarfi shi ne yawan nauyin da sanda take buƙata kafin ta rusuna. Zaka ga harufa, L mara ƙarfi, ML, M matsakaiciya, MH matsakaiciya mai ɗan nauyi, H mai nauyi, XH kuma wannan kusan taɓarya ce. Wadda kake nema MH, a baki midiyam hebi suke cewa. Amma fa ga inda gizo ke saƙar, babu wata hukuma da ta tsayar da ma'aunin harufan nan, kowane kamfani da nasa mudun. MH ɗin wani M ce a wajen wani. Misali Dobyns suna da 734C, a jikinta an rubuta mai nauyi ce amma ƙoton da aka ce ta ɗauka daga kwatan oza ne zuwa oza 1, wanda a wajen wasu kamfanonin wannan MH ce sak, su kuma St. Croix masu kamun kifi da yawa za su ce maka tasu ta fi abun da aka rubuta tauri. Don haka harafi ya zama ɗan jagora kawai, lambobin nauyin ƙoto su ne gaskiyar magana.

Oza 1 giram 28 ce. Kwata giram 7, 3/8 wajen giram 10 da rabi, rabi giram 14, 3/4 giram 21. Ka nemi sandar da aka rubuta 1/4 zuwa 3/4, ko 1/4 zuwa 1, ko 3/8 zuwa 1. Mafi yawan abun da zaka jefa wa bas yana tsakanin 3/8 da rabin oza, kuma so ake nauyin ƙotonka ya faɗo a tsakiyar lambobin ba a bakin iyaka ba. Sannan ka sani nauyin da aka rubuta a ledar jig na kan dalmar ne kawai, kafin ka ƙara siket da ƙugiya da robar da ake soka mishi a baya ya haura, jig ɗin rabin oza a sikeli zai iya dosar 3/4. Haka tanar roba, Senko mai inci 5 ita kaɗai ba dalma ta kai wajen 3/8.

Me ya sa nake nanata wannan? Saboda sanda kamar bakan harbi take. Idan ka kai ta baya nauyin ƙoton ne yake tanƙwara ta, tana miƙewa ta harba shi. In ƙoto ya yi mata rashin nauyi ba za ta tanƙwaru ba, kai kuma sai ka ƙara ƙarfin hannu ka fyaɗa, kwarkwaro ya tashi da gudu fiye da yanda ƙoton yake jan zare, zaren ya kumburo ya cukurkuɗe a ciki, Amurkawa sheƙar tsuntsu suke kiransa kuma wallahi sunan ya dace. Ni duk wata biyun nan ril nake zagi ashe sandar ce, ina jefa giram 7 da sandar da sai daga giram 14 take fara motsi. Wani dattijo ne da muke yawan haɗuwa a bakin ruwa ya gaji da kallona ya miƙo mun tasa ya ce in gwada, jifa ɗaya na gane inda matsalar take.

Na zare kuma zaka ga 10 zuwa 17, ko 10 zuwa 20, ko 12 zuwa 20, laba kenan, nauyin da zaren yake ɗauka kafin ya tsinke. Duk sun yi.

Wani ɗan sirri, lambar da wasu kamfanoni suke sa wa sanda ita ma bayani ce. G. Loomis suna da wata tsohuwar sananniya MBR 843C, 84 inci ne wato ƙafa 7, 3 matakin ƙarfi, C kuma ta betkasta. Dobyns 703C ƙafa 7 cif, ƙarfi na 3. In ka gane wannan sai ka daina jin kamar lambar mota kake karantawa.

Inda take lanƙwasawa

Wannan daban yake da ƙarfi, kuma nan ake rikita su. Ƙarfi yana gaya maka nauyi nawa ne zai tanƙwara ta, wannan kuma yana gaya maka daga ina take tanƙwaruwa. Mai F, fas suke cewa, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na sama ne kawai yake rusunawa sauran jikin ya tsaya ƙyam. XF ɗan tsinin ne kawai. Matsakaiciya, wadda ake rubuta Mod, tana rusunawa har wajen rabi. Akwai mai lanƙwasa tun daga mariƙi kamar tsumagiya, wannan ba ta shafe mu ba.

Ɗauki F. Tana ba ka ɗan kai mai laushi da zai harba ƙoto ya kuma nuna maka taɓawar kifi, sannan da ka fizga nan da nan ka isa wajen taurin. XF ina ganin a bar wa wanda hannunsa ya faɗa, tana da daɗin jin ƙasan ruwa amma ba ta yafiya, ga saurin cukurkuɗa zare ga saurin yage bakin kifi. In kuma ka san kai mai son jefawa da naɗowa ne, sifinabet da kirankbet sun fi yawa a akwatinka, akwai ta tsakani da ake rubuta MF ko Mod-Fast, ita ma zaɓi ce mai kyau ƙwarai, ni in da zan sake daga farko ma ina jin zan yi ta wasi-wasi tsakanin biyun. Sai dai ka lura kar harufan su ruɗe ka, wani kamfanin in ya rubuta MF yana nufin ƙarfi M lanƙwasa F, ka karanta cikakken rubutun.

Yanda zaka gani da idonka a shago: ka riƙe mariƙi, zobba suna kallon sama, ka sa wanda kuka je tare ya riƙe tsinin a tafin hannunsa ya tsayar, kai kuma ka ɗaga a hankali kamar kifi ne a ƙasa. Kalli inda lanƙwasar ta tsaya. A hankali fa na ce, kuma kar ya kama tsinin da yatsu biyu ya karya shi ƙasa, in ta ɓalle ku za ku biya. Ka yi wa sanduna uku masu harafi iri ɗaya haka, zaka sha mamakin bambancin.

Da me aka yi ta

Girafayit, wato zaren kabon, ko faiba, wato zaren gilashi, ko haɗin biyun. Girafayit tun farkon shekarun 1970 da Fenwick suka fito da shi ya mamaye kasuwa, ba nauyi, ga tauri, ga shi yana kawo maka duk abun da ya taɓa ƙoto har tafin hannu, ka bambance dutse da laka da ciyawa da ɗan tik ɗin nan na kifi. Kamun tanar roba da jig duk a kan wannan jin yake, don bas sau da yawa ba ya fizga, zuƙa yake yi ya tsaya, in bai ji daɗi ba ya tofar, kai ba ka ma san an yi ba. Faiba ta fi nauyi da laushi da juriya, masu kirankbet suna sonta. Haɗin kuma irin Ugly Stik ce da ta fito tun 1976, wannan ko jaki ya taka ta da wuya ta karye, in yara zaka saya wa ko kai mai jefa kaya a bayan mota ne ba laifi, amma ji kam ta yi ƙasa. Don sanda ɗaya tilo, girafayit.

Zaka ga ana ta rubuta IM6, IM7, IM8, ko tan 24, 30, 40. A taƙaice in lamba ta hau zaren girafayit ɗin ya fi tauri ana iya yin sanda siririya mara nauyi, amma ta fi saurin jin ciwo in ta bugu. Kuma IM8 ɗin wani ba shi ne na wani ba. Kar ka ƙara ko dala 1 saboda wannan lambar kaɗai.

Zobba da mariƙi da maganar gida biyu

Ɗaga sandar ka leƙa ta daga gindi kamar mai saita bindiga, zobba su zama a layi ɗaya. Cikin kowane zobe akwai ɗan da'ira mai santsi kamar tangaran, ka duba ba wanda ya fita ko ya tsage, in ta hannu ce zaka saya ka tafi da abun goge kunne na auduga ka zagaya cikin kowanne, in audugar ta maƙale akwai tsaga kuma wannan tsagar za ta dinga cin zarenka har ranar da babban kifi zai zo. In ka ga an rubuta Fuji, kamfanin Japan ne da ya yi suna a zobba, alama ce mai kyau. Akwai sanduna masu mitsi-mitsin zobba, suna rage nauyi, amma in kana ɗaura zare biyu da ƙulli a tsakani ƙullin zai dinga karo da su, ga tarkacen ciyawa yana toshe su. Matsakaita sun fi kwanciyar hankali.

Mariƙi ko kok ne, ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi, ko baƙar roba mai kama da soso. Duk wanda hannunka ya so. Wasu a haɗe wasu an raba shi biyu an bar jikin sanda a tsakiya, shi ma ra'ayi ne. Abun dubawa tsayinsa, ka riƙe kamar kana kamu, gindin ya kwanta a jikin damtsenka bai kai gwiwar hannu ba ko ya tsaya daidai nan, in ya wuce zai dinga kama maka riga, mu masu zuwa da jallabiya ranar Asabar mun san wannan.

Guda ɗaya ko mai haɗi biyu? Amurkawa yawanci guda suke saye don suna da akori-kura da jirgi. Kai je ka auna motarka tukunna, ƙafa 7 tana shiga ƙaramar mota in ka kwantar da kujera ka zuro ta tsakiya amma da ƙyar. Masu haɗi na yanzu ba su da wani aibu da mai koyo zai ji. In kuma kana da niyyar tafiya da ita gida hutu ka gwada a Tiga ko Kainji, nemi mai gida uku ko huɗu da za ta shiga akwati, don ɗaukar bututu mai mita 2 a jirgin sama wahala ce da kuɗi. Za ta yi maka tarwaɗa da tsage da ƙananan giwan ruwa, amma kar ka tari babbar giwa da ita, kifin da yake iya haura kilo 100 ba sa'anta ba ne.

Kar ka biya sai ka ɗaura mata ril

In kana da ril tafi da shi, in babu ka roƙi masu shago su ba ka irin wanda zaka saya. Ɗaura, ƙara ɗaurewa, girgiza ka ji ko yana motsi a mazauninsa, in yana ƙwas-ƙwas bar ta. Sai ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya dab da gaban ril. In ta tsaya a kwance ko ta ɗan rinjaya gaba kaɗan, madalla. In kai ya faɗi ƙasa da sauri, wannan sandar za ta cinye maka wuyan hannu, don a kamun jig yini zaka yi kan sanda yana sama. Sanda mai ɗan nauyi da ta daidaita ta fi mara nauyin da kanta yake rinjaya. Sannan ka dunƙule ril ɗin a tafin hannu yanda ake riƙewa, kunama tsakanin yatsu, ka yi minti biyu haka kana zagaya shagon, duk abun da ya ɗan dame ka a minti biyu zai zama ciwo a awa biyar.

Kuɗi kuwa, ra'ayina ne ba doka ba: wajen dala 80 zuwa 150 nan ne kuɗinka yake sayen abu na gaske, ƙasa da haka ana samun mai aiki amma sai an tona, sama da haka daɗi ne kake ƙara wa kanka ba kifi ba. Kuma in kuɗin ba yawa gara ka ɗan rage na sanda ka ƙara a ril, betkasta mai arha sosai azaba ce ga mai koyo. Ka tambayi garanti kafin ka fita, wasu kamfanonin in ta karye kana biyan wani abu kaɗan su aiko da sabuwa, ka adana rasit.

Abun da ba za ta yi ba

Gara ka sani tun yanzu. Ƙoto ƙasa da giram 7 ba nata ba ne, wannan aikin sifinin ne. Kwaɗon roba a kan bado da kainuwa mai kauri za ta taɓa in ciyawar ba ta cika ba, amma asalin aikin na H ne da zaren kitso, wanda aka kitsa daga siraran zaruruwa, mai laba 50 zuwa 65. Manyan kirankbet masu nutso can ƙasa za su gajiyar da kai. Ƙananan kirankbet da na saman ruwa kuwa ga dabara: sa zaren mono, wato na nailan mai sili ɗaya, don yana ɗan miƙewa kamar roba, sassauta birkin jan zare na ril kaɗan, kuma in kifi ya ci kar ka fizga, ka ja sandar gefe kawai kana naɗewa. Miƙewar zaren za ta biya maka laushin da sandar ba ta da shi.

Ranar farko

Ril mai juyi 6 da wani abu zuwa 7 da wani abu, irin 6.3:1 ko 7.1:1, wato sau nawa kwarkwaro yake juyawa in ka juya hannun ril sau ɗaya, shi ne abokin wannan sandar. Cika shi da mono mai laba 12 zuwa 15, mai arha, don zaka yanke da yawa, fuloro, wani zare mai kama da mono, da zaren kitso su jira sai yatsanka ya koyi aiki. Ɗaura dalmar rabin oza ba ƙugiya, fita fili. Ɗaure ɗan maɓallin da ke gefen hannun ril har sai in ka saki dalmar tana sauka a hankali kuma tana taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya, birkin jifa kuma, mai rage gudun kwarkwaro ba na jan zare ba, kai shi sama sosai. Ajiye bokiti taku 15, yi jifa ta gefe a hankali ka bar sandar ta yi aikin, kafin dalma ta sauka ka danne kwarkwaro da yatsa. Kar ka fuskanci iska. Kwana uku haka kana sassauta birki kaɗan-kaɗan.

In za ka fita ruwa a Teksas ka sayi lasisi, sai dai in a cikin gandun shaƙatawa na jiha ne daga bakin ruwa, nan ba a buƙata. Dokar jiha gaba ɗaya bas mai babban baki sai ya kai inci 14 kuma 5 a rana, amma wasu tafkunan da tasu dokar, a tafkin Fork duk wanda ya faɗo tsakanin inci 16 da 24 mayar da shi ake yi. Na san zuciyar Bahaushe, ka kama kifi mai ƙiba ka sake shi kana kallo, ni ma ranar farko sai da na yi ta juya shi ina tuna yaji da man gyaɗa, amma tara a nan ba wasa ba ce. Ka kuma dinga duba gefen ruwa don yankin nan akwai kada.

Sandar kuma kifi ba kasafai yake karya ta ba. Abun da yake karya ta shi ne ɗaga ta tsaye cak sama da kai kifi yana lilo a ƙasan tsini, ko fizgar ƙoton da ya maƙale a itace, in ya maƙale ka miƙe sandar ta kalli wajen ka danne kwarkwaro ka ja da baya kana kau da fuska. Wutar lantarki tana bi ta jikin girafayit, ka kula da wayoyin lantarki, in hadari ya taso da walƙiya ka kwantar da ita ka bar wajen. Sauran kuma ƙofar mota da fankar silin, tawa ta biyu fanka ce ta cire mata inci 4 a falo tun kafin ta ga ruwa, ina cikin nuna wa madam yanda take lanƙwasawa. Shi ƙanen nawa jiya ya koma shagon da ril ɗina a aljihu, ya dawo da mai ƙafa 7 da inci 1, MH, F, 3/8 zuwa 1, mai haɗi biyu saboda motar abokinsa ƙarama ce, yanzu haka yana bayan gida shi da bokiti.